Ɗan asalin Kanada mai zuwa coci bai sayar da kakanninsa ba

A ranar 25 ga Yulin 2022, Fafaroma Francis ya je Maskwacis a lardin Alberta na Kanada, ya nemi gafarar 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, kan makarantun kwana da aka tilasta wa 'ya'yansu shiga. Yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu. A lokacin, gwamnati ce ke biyan kuɗi, coci-coci ke gudanarwa, kuma akasarin makarantun na hannun Katolika. An yanke wa yaran gashi, an hana su yarensu da duka, dubbai ba su koma gida da rai ba. Hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta ce a 2015 yunƙuri ne na shafe al'adar al'umma baki ɗaya.

A wurin taron ne Cif Wilton Littlechild, wanda shi ma a irin wannan makaranta ya tashi, ya ɗora wa Fafaroma hular gashin tsuntsu ta girmamawa. Wasu cikin mutanensa sun ji haushi, kuma suna da hujja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukuncin masu kallo daga nesa, wai duk ɗan asalin da har yau yake zuwa coci ya ci amanar kakanninsa.

A dubi tafkin Lac Ste. Anne, inda Fafaroma ya je washegari. Tun kafin zuwan 'yan mishan, ƙabilun Cree da Nakota ke ɗaukarsa wuri mai tsarki. Daga 1889 ya zama wurin ziyarar Katolika, kuma kowane Yuli dubbai na taruwa, suna addu'a da yarensu, suna shiga ruwan neman waraka. Tsohuwar da ta gaji wannan ziyara daga kakarta, wa zai ce mata addinin aro take yi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan bai wanke hukumomin coci ba. Sai a Maris na 2023 Vatican ta nesanta kanta da tsohuwar aƙidar da Turawa suka fake da ita wajen ƙwace ƙasashen da suka ce sun "gano". Manyan limaman Katolika na Kanada sun yi alƙawarin tara dalar Kanada miliyan 30 a 2021 don tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Iyalai kuwa na neman a buɗe duk takardun makarantun, su san inda aka binne 'ya'yansu. Cikin masu neman akwai waɗanda ba sa fashin coci ranar Lahadi.