Ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai: a tace shi, amma kada a ruɗe mu

Jama'a, da an ce rijiyar mai, mai kawai muke hangowa. Alhali yawancin tsofaffin rijiyoyi ruwa suka fi amayarwa. A filin mai na Nimr da ke kudancin Oman, idan aka zuƙo ganga goma, kusan tara ruwa ne, ɗaya ce mai. Ruwa ne mai maiƙo da zartsi, ko raƙumi ba a ba shi. Da ma can kamfanoni ɗura shi suke yi cikin ƙasa da ƙarfin famfo, su huta. A jihar Oklahoma ta Amurka, yawan ɗurin nan ne masana suka ɗora wa alhakin girgizar ƙasa da ta yawaita, har da ta garin Pawnee a 2016 mai ƙarfin maki 5.8.

Abin da Oman ta yi ya burge ni ƙwarai. Kamfanin man ƙasar mai suna PDO ya haɗa kai da kamfanin Bauer na Jamus, suka shimfiɗa fadama ta hannu a Nimr, a tsakiyar hamada, ta kankama aiki wajen 2011. Ana fara yaɗe man da ke yawo a sama a mayar wa kamfani. Sai a saki ruwan ya bi gangare da kansa, kwami bayan kwami, cikin dogayen ciyayin ruwa masu kama da kachalar da ta addabi mutanen Hadejiya da Nguru. Ƙwayoyin halittar da ke manne a saiwoyin ciyawar su ke cinye ragowar man. Ba famfo, ba tulin magunguna. Bayan faɗaɗawar 2019, wurin na ɗaukar lita miliyan 175 a kullum, kuma tsuntsaye fiye da iri ɗari sun mai da shi zango, a inda da babu komai sai tsakuwa da rana.

To amma ciyawa mai take cirewa, ba ta cire gishiri. Shi ya sa a ƙarshe yawancin ruwan ake baza shi a tafkuna rana ta shanye, a kwashe gishirin. Wani kason kuma ana gwada noman auduga da itatuwa masu jure zartsi da shi. Mutanen Oman ba su ce wa kowa ga ruwan sha ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da su.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne yankin haƙar mai na Permian a Amurka, wanda ya ratsa jihohin Teksas da Niyu Meziko. Can ruwan yakan ninka na teku gishiri sau uku ko fiye, ga sinadarin benzin mai guba, ga radiyam mai tururin nukiliya, ga sinadaran da kamfanoni ke zubawa su ce sirrin sana'a ne. Yaya za ka tace abin da ba a gaya maka sunansa ba? A 2025 hukumar ingancin ruwa ta Niyu Meziko ta hana sakin wannan ruwa cikin koguna da ƙasa ko da an tace shi. A shekarar ce kuma maƙwabciyarta Teksas ta yi dokar da ke kāre kamfanoni daga yawancin ƙararraki idan sun sayar da tataccen ruwan. Wallahi wannan ya dame ni. Idan ruwan lafiya lau ne, tsoron kotu na mene ne?

Maganar nan ta shafe mu. Ana haƙo mai a Agadem cikin jihar Diffa, inda makiyayi ke yini a bakin rijiya, kuma a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Duk inda mai ya fito, ruwan nan na biye da shi. Ni ra'ayina a tace shi, kamfani ya yi aikinsa da shi ya bar wa jama'a ruwan daɗin da ke ƙasa, a raya itatuwa da ragowar. Amma kafin ɗigo ɗaya ya shiga gonar abinci ko kwamin shayar da dabbobi, masanan jami'o'inmu su auna shi, ba kamfani ba, a karanta sakamakon a rediyo da harshen da mai garke ke ji, kuma a rubuta tun farko wanda zai biya idan saniya ta mutu.