Kwana 26 Gwaggo ta yi a kan injin numfashi

Jama'a, rubutun nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wata 8 ke nan da rasuwar Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, sai yanzu na iya zama in faɗi abin da ke cin raina.

Sankarar mama ce ta kama ta. Kamar yawancin iyayenmu mata, ta daɗe tana ɓoyewa, ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai da ƙullutun ya fashe aka nufi asibiti. An yi mata aiki, an yi kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, an kai ta Abuja an yi gashin ciwon da na'ura, ta samu sauƙi har ta koma sayar da atamfa a kasuwar Taminus. Bayan shekara 2 ciwon ya dawo, wannan karon ya bi huhu da ƙashi. Wani dare cikin sanyin Disamba numfashinta ya sarƙe, muka kwashe ta sai wani asibiti a nan Jos. Likita ya ce sai an ɗora ta a kan injin numfashi yanzu-yanzu, a sa hannu. Babban ɗanta ya sa. Ko ni ne da na sa. Wa zai tsaya tambaya alhali uwarsa na neman iska tana rasawa?

Ban taɓa ganin laifin wannan sa hannun ba. Abin da ke damuna shi ne kwana 26 da suka biyo baya, muna zaune a kan tabarma a bakin ɗakin kulawa ta musamman, ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga inda aka dosa. Kullum magana ɗaya ce: "Muna iya ƙoƙarinmu, ku ci gaba da addu'a." Mu ma ba mu matsa ba, domin muna tsoron amsar.

Sai daga baya na fahimci cewa injin nan riƙon ƙwarya yake yi. Iska kawai yake tura wa huhu, ya riƙe mutum kafin maganin ainihin ciwon ya kama jiki. Idan mai ciwon daji ya kamu da nimoniya saboda kemo ya raunana garkuwar jikinsa, ko numfashinsa ya yi rauni bayan babbar tiyata, kuma dajin nasa yana jin magani, to injin rahama ne, mutane da yawa sun sauka daga kansa sun koma gida. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce na ce a hana masu ciwon daji injin. Amma idan dajin ne da kansa ya cinye huhun, kuma magungunan da ake da su sun ƙare, me injin yake jira ya kama?

Likitoci suna kiran zaman da ya kai kwana 21 a kan injin dogon zama, kuma sun san abin da yake jawowa. Naman da ke motsa numfashi yana yin laushi saboda ba ya aiki. Ƙwayoyin cuta suna bin bututun su shiga huhu. Akan huda maƙogwaro a mayar da bututun nan, kamar yadda aka yi wa Gwaggo a mako na biyu. Gadon bayan mutum yana yin gyambo saboda kwanciya, ƙoda kan gaza har a fara maganar wanki. An yi wani babban bincike a Taiwan a kan masu ciwon daji sama da 5,000 da suka yi irin wannan dogon zama tsakanin 1998 da 2007. Kusan 14 cikin 100 ne kawai suka kai shekara a raye, rabinsu ko wata ɗaya da rabi ba su kai ba, kuma waɗanda dajinsu ya bazu a jiki su suka fi shan wuya. Wannan fa a ƙasar da take da inshorar lafiya ta kowa da kowa ne. Rai a hannun Allah yake, ba a hannun lissafi ba, na yi imani da haka. Amma da wani ya faɗa mana wannan a rana ta biyar, da mun san irin addu'ar da za mu yi da irin shirin da za mu fara.

Akwai tsarin da likitoci a Faransa da wasu ƙasashe suke bi wanda ya kwanta mini a rai. Tun ranar farko ake yin magana da iyali: za mu ba shi cikakkiyar kulawa na 'yan kwanaki, kamar 3 zuwa 5, sannan mu sake zama mu duba ko gaɓoɓinsa suna farfaɗowa ko suna ƙara gazawa. In yana samun sauƙi a ci gaba. In abin yana ƙara lalacewa, a juya akala zuwa rage masa raɗaɗi da kawo masa 'yan'uwansa kusa. Wannan zaman ba ya buƙatar dala ko sabon gini. Kujera ce da likita mai haƙuri da zai yi bayani da Hausar da tsoho zai gane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, likitocinmu, don Allah ku riƙa faɗa mana gaskiya.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, kowa ya sani. An sayar da filinta na unguwar Rikkos, wanda ta ce na autarta ne. Ba wanda ya yi nadama, uwa ta fi fili. Sai dai da an tambaye ta, na san abin da za ta ce.

Kuma nan ne inda abin ya fi yi mini ciwo. Tsakanin dawowar ciwon da daren nan akwai wata 5 da Gwaggo take zaune a ɗakinta da hankalinta, tana karɓar 'yan dubiya, tana raba goro. Ba wanda ya tambaye ta: Gwaggo, idan abin ya tsananta, me kike so a yi miki? Kunya ta hana mu, da tsoron a ce muna mata fatan mutuwa. Alhali mu ne mutanen da ake koya wa rubuta wasiyya, har akwai tsofaffin da ke ajiye likkafaninsu a akwati. Da bututu ya shiga bakinta magana ta ƙare. Ba ta yi sallama da kowa ba, ba mu ji ta ce ta yafe mana ba. Kalmar shahada a kunne muka riƙa raɗa mata cikin ƙarar na'urori, mutum ɗaya-ɗaya, na 'yan mintoci.

Lokacin da wani kawunmu ya ɗago zancen ko a daina ƙara mata wahala, sai aka taso masa: "Kashe ta kake so a yi?" Fatawa aikin malamai ce, amma ya kamata mu san cewa malaman sun daɗe da tattauna wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urori daga wanda likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya. Kwamitin fatawa na Saudiyya kuma ya ce idan amintattun ƙwararrun likitoci 3 suka haɗu a kan cewa ciwo ya wuce magani, ba dole ba ne a yi ta ƙoƙarin farfaɗo da mutum. Ga maƙwabtanmu Kiristoci, Paparoma Pius na 12 ya yi bayani makamancin wannan tun 1957. Halin Gwaggo ba mutuwar ƙwaƙwalwa ba ce, shi ya sa ya kamata a ce mun haɗa malaminmu da likita a zama ɗaya, likita ya faɗi halin da jiki yake ciki, malam ya faɗi hukunci. Mu kuwa sai muka yi ta gardama a tsakaninmu a ƙarƙashin bishiya.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu. Gidaje nawa ke nan suke zaune a kan irin tabarmar da muka zauna?

Makon jiya bayan sallar magariba na daure na zauna kusa da Inna, mahaifiyarmu. Lafiyarta ƙalau in ban da hawan jini. Na ce, "Inna, kin ga abin da ya faru da Gwaggo. Idan Allah ya kawo irin wannan rana, yaya kike so mu yi?" Na ɗauka za ta yi mini faɗa. Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "In likitoci sun ga da amfani, a gwada. In sun ga babu, kada ku bar ni a can ni kaɗai. Ku maido ni ɗakina, ku kira mini ƙannena." Na rubuta a takarda, na karanta mata, Yaya ya zo washegari ta maimaita a gabansa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa jinyar da ta yi ta zama kaffara.