Wutar awa 20 da ba ta iya juya inji

Duk wanda ya ce a layinmu na Agege, a Legas, muna samun wuta awa 20 a rana, ya zo ya yini a bayan injina ya ƙirga da kansa. Injin sassaƙar ƙarfe gare ni, a ɗan shagon da na zagaye da kwano a gaban gidan da nake haya. Da shi nake fitar da kayan babur da ba a samu a kasuwar kayan gyara ta Ladipo, ko ana samu amma na jabu: sandar taya, bushin, ɗan zoben da ke zama tsakanin boris biyu, ƙarfen taka ƙafa mai kauri na masu ɗaukar buhu daga kasuwar Mile 12. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai da wuta, wutar ma mai ƙarfi, wadda za ta tsaya har a gama yanka.

A watan Afrilun 2024 aka wayi gari an ce masu amfani da wuta da ke rukunin A, har da layinmu, za su riƙa biyan naira 225 kan kowane yunit, ninki uku da ɗoriya na abin da muke biya a da. Daga baya aka ɗan rage ya koma 200 da 'yan kai, aka yi ta shela kamar an yi mana sadaka. Sharaɗin shi ne wuta aƙalla awa 20 kullum. Babu wanda ya tambaye mu ko muna so, mun dai sayi kati muka ga yunit ya zube. To mun yarda, tunda mai sana'a gara ya biya da tsada ya samu. Ina wutar?

Mai kallon talabijin in an ɗauke wuta tsaki zai yi ya tashi. Ni in an ɗauke, aikin ya lalace ke nan. Boris mai lamba 6202 raminsa milimita 15 ne cif, sandar da za ta shige shi kuwa da kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na milimita ake sasanta ta. Ka ci ƙarfen da yawa ta yi lako-lako, taya ta riƙa rawa, ka rage ci ta ƙi shiga sai da guduma, boris ya mutu cikin mako. Yankan ƙarshe a tafi ɗaya ake yinsa, hannu ba ya tsayawa. Kana tsaka da shi sai ɗif! Inji ya yi sanyi wuƙa na cikin ƙarfe, ta bar zobe a jikin sandar, sau da yawa bakin wuƙar ma ya ɓalle. Wannan ɗan bakin daga waje ake shigo da shi, da dala ake masa kuɗi, kowa kuma ya san inda dala ta kai tun da aka saki naira a 2023. In zaren noti nake yankawa abin ya fi muni, don sai an bi layi ɗaya sau da yawa, wuƙa ta karye a ciki kuwa zaren ya tafi. Sandar da na je har kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin na zaɓo, na biya mota, na sha cunkoson hanyar Ikorodu, sai ta koma cikin buhun 'yan gwangwan.

Ɗaukewar ma da sauƙi a kan wutar da suke kawowa rabi-rabi. Ƙa'ida bolt 230 ne. Da yamma in na ɗora awo sai in ga ta faɗo ƙasa da 180, fanka na juyawa kamar mai jin barci, su kuma a wajensu an ba da wuta, awa tana ƙirguwa. Motar inji in wuta ta yi rauni ƙara ja take yi, ta ɗau zafi. Tawa mai layi uku ce, kuma in fis ɗaya ya tsinke a taransifoma, layi biyu suka rage, ba tsayawa take yi ba, gurnani take tana ci gaba har koyil ya ƙone. Kafin ka ji ƙauri an gama. Na kai wa mai naɗin koyil, ya faɗi kuɗin wayar tagulla, na zauna a kan benci na rasa ta cewa. Wa zai biya ni? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wutar kirki kuma sai ƙarfe ɗayan dare take zuwa. Lokacin nan mita take cika, tas, ba rawa. To a gidan haya nake, ɗaki na jingine da ɗaki. In tayar da inji a wannan tsohon dare, da asuba maigidan ya aiko min da takardar tashi? Awannin da nake barci su ma suna cikin lissafin 20 ɗin nan.

Masu ba da shawara ba sa ƙarewa: sayi janareta mana. Kamar ban taɓa jin sunansa ba. Motar inji lokacin tashi tana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita, ƙaramin janareta na kunna fitila tari ɗaya zai yi ya mutu. Sai babba. Fetur kuwa kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 bai kai naira 200 lita ba, a ƙarshen 2024 ya haura 1,000. In na ɗora kuɗin mai a kan bushin guda, wa zai saya?

Ku dubi su wa nake yi wa aikin. 'Yan'uwanmu ne 'yan acaɓa daga Katsina, Jigawa, Borno, har da na Nijar. Tun watan Yunin 2022 aka hana su aiki a ƙananan hukumomi 6, Ikeja da Surulere da Apapa na ciki, a Satumba aka ƙara 4 har da Mushin da Oshodi. An matse su a lunguna masu ramuka, babur na cin wuya, bushin da sanda na saurin ci. Mutumin da bai san ko zai koma gida da mashin ɗinsa ba, shi zan ce wa aikin naira dubu uku ya koma dubu shida? Wani yaro da ke biyan balas kullum ya bar min tayarsa, ya dawo washegari ya tarar ban taɓa ba. Ya ce, "Baba, don Allah ka taimaka, mai mashin ba ya jin an ɗauke wuta." Na ce, "Ɗana, ga inji ga ka, in za ka iya juya shi da hannu bismillah." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ɗauki tayarsa ya tafi neman mai janareta.

Na je ofishin masu wutar. Wata ta ce in rubuta takarda, wani ya ce matsalar daga babban layin ƙasa ce, wanda ya faɗi sau da dama a 2024, kowa ya sani. Amma faɗuwar babban layi ce ke tsinka fis ɗin taransifomarmu duk mako? Kuma in ya tsinke, mu ake bi gida-gida da littafi a tara kuɗin gyara, kayan da ba namu ba. Ƙa'idar da aka kafa da ƙarin kuɗin ta ce layin da ya kasa cika alkawari kwana 7 a jere a sauke shi daga rukunin A. Mun yi watanni a haka. Ko dai ku ba mu wutar da muke biya, da rana, da ƙarfinta, a layi uku, ko ku sauke mu ku mayar mana da tsohon farashi mu san janareta muka dogara da shi. Kuma mai littafin karɓar kuɗin fis kada ya sake tsayawa a ƙofar shagona, sisi ba zan ƙara bayarwa ba.