Yaranmu na yi wa mai bashi dariya, mu kuma muna kallo

Assalamu alaikum iyaye, musamman mu na nan Jos. Jiya bayan isha'i a wani shagon aski a Bauchi Road na tarar da yara sun cika benci suna kallon wani shirin gasa na Amurka, wai a kawo mutum bashi ya yi masa katutu, a faɗi nawa ake bin sa duniya na ji, a yi ta jefa masa tambayoyi, in ya ci a biya masa, in ya faɗi ya koma gida da bashinsa. Wata mata ta kasa amsa ta rufe fuska, wallahi yaran nan har da shewa da tafi.

Wani zai ce ai ba tsiraici ba ashar, meye a ciki? Haba malam. Yaro ɗan shekara 8 yana koyon cewa kunyar mai bashi abin nishaɗi ce, kuma mafita ita ce sa'a, ba nema da biya ba. Abin da Annabi (SAW) aka kawo masa gawa ya ƙi yi mata salla saboda shi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shahidi ma an gafarta masa komai ban da bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan bashi take, shi ne muka bari ya zama wasan talabijin.

Kuma kar mu ɗora wa Turawa laifin duka, a gida darasin yake farawa. Mai shago ya yi sallama da littafinsa a hannu, kana kwance a ɗaka ka ce wa yaro "je ka ce Baba ba ya nan." Hajiya ta kwashi adashi ta daina ɗaga waya, yarinya na gefe tana gani. Mai binka ya kira, ka kashe, ka yi tsaki a gabansu. To me ya rage wa talabijin ya koya musu?

Ku ma masu bin bashi ku ji tsoron Allah, a daina tozarta mutum gaban 'ya'yansa, wanda ba shi da hali Allah cewa Ya yi a jinkirta masa.

Dan Allah a riƙa duba abin da suke kallo, a canza tasha, a zaunar da su a yi musu bayani. Kai kuma da mai shago ke bin ka kuɗin shinkafa tun azumi alhali kana da halin biya, dan Allah ka je ka sallame shi kafin Juma'a, ka tafi da yaron ya gani da idonsa.