Ƙaramin banki ba shi da haɗari, in ji wa?

Jiya bayan sallar Isha'i wani ɗan'uwa ya tare ni a bakin masallaci yana ta yabon matakin da hukumar OCC mai sa ido kan bankunan Amurka ta ɗauka. Wai yanzu ƙananan bankunan unguwa za su huta da bincike, tunda ba su da haɗari. Na ce masa, Alhaji, haɗari ga wa?

Kun dai ga yadda abin ya tafi. A Yulin 2025 hukumar ta cire batun duba ko ƙa'idar banki tana cutar da wani jinsi ko da ba da gangan ba. A Oktoba kuma ta ce ta daina bin tsayayyen jadawali wajen binciken ƙananan bankuna, sai inda ta hango haɗari. Madalla. Likita ya ce ba zai auna ka ba sai ya tabbatar ba ka da lafiya.

To ta yaya za ka hango abin da ka daina dubawa? Wannan ita ce tambayata, kuma har yau ba wanda ya amsa min.

Bankin da ke hana baƙar fata bashin gida ba ya durƙushewa. Littattafansa tsaf suke, ribarsa na shigowa, manajan yana murmushi. Wanda aka hana shi ne ya koma gida da takarda mai layi biyu, bai ma san cewa wani mai albashi daidai da nasa ya samu ba. Shi ya sa aka yi dokar gidaje ta 1968 da ta daidaito wajen ba da bashi ta 1974. Sai mai bincike ya jera fayil ɗari a gabansa kafin ya ga inda aka ja layin.

Za a ce ai manyan bankuna ne ke wannan. A 2023 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta zargi American Bank of Oklahoma da ƙaurace wa unguwannin baƙaƙe da na 'yan asalin Latin Amurka a garin Tulsa, aka sasanta kan dala miliyan 1.15. Ƙaramin banki ne. Kuma Tulsa ce fa, garin da fararen fata suka ƙone Greenwood, unguwar baƙaƙe, a 1921.

Wai bincike yana cin kuɗi da lokacin ma'aikata. Na yarda, banki mai rassa uku bai kamata a ɗora masa takardun da ake ɗora wa katafaren banki irin JPMorgan ba. A rage takardun mana. Amma rage takarda daban, rufe ido daban. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Wallahi abin yana taɓa ni. Na san mutanenmu a Amurka masu tuƙin tasi da masu kula da tsofaffi da ke tara kuɗi shekara da shekaru don su daina biyan haya. In aka ce musu a'a, sai su ce Allah bai yi ba, su yi shiru.

Masu shirin tambayata hukuncin bashi mai ruwa kuma, don Allah ku je wajen malamai. Ni dai har yanzu adashi nake zubawa, kuma uwar adashinmu ta ce kwasata sai watan Maris.