Ku tambaye shi: su wa suka ce?

'Yan uwana matasa, dan Allah mu riƙa sauraron ɗan siyasa da kunnen basira, musamman in ya fara maganar nan mai harshen damo. "Masana sun tabbatar", "jama'a ne suka matsa min na fito", "umarni ne daga sama", "wasu maƙiya ci gaba ne ke mana zagon ƙasa". To su wa? Wane masani, a ina ya faɗa, yaushe? Shi wanda ke saman nan ba shi da suna ne, ba shi da ofis?

Kada ku ɗauka rashin iya magana ne, wallahi da gangan ake yi. In ya kama suna za a je a tambayi mai sunan, in ya sa rana ranar za ta zo, in ya faɗi adadi za a ƙirga, shi ya sa sai kaji "nan ba da jimawa ba", "ana kan aiki", "za mu share muku hawaye", kowa ya watse yana fassarawa da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, mai neman aiki ya ji aiki, manomi ya ji taki, ɗalibi ya ji tallafin karatu, shi kuwa gogan bai ɗaure kansa da komai ba. Gobe ya ce ni ban ce haka ba, kuma da gaske bai ce ɗin ba.

Kuma abin ba yau ya fara ba. A watan Fabrairun 1950 wani sanatan Amurka, Joseph McCarthy, ya ɗaga takarda a gaban taro ya ce ga sunayen 'yan gurguzu 205 da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Da aka matsa masa adadin ya koma 57, daga baya ya ce 81. Kwamitin majalisar dattawa da ya bincika ya ce yaudara ce, amma duk da haka shekaru aka yi ana zargin bayin Allah, mutane da yawa suka rasa aikinsu da mutuncinsu kafin majalisar ta tsawatar masa a 1954. Shi ma shugaban Amurka Richard Nixon a 1969, ana zanga-zangar adawa da yaƙin Vietnam, sai ya jingina da "masu rinjayen da suka yi shiru". Wanda ya yi shiru ta yaya za a san abin da yake so?

Abin da ya fi ci min rai shine mu ne ke ɗaukar maganar mu cike mata gurbi. Shi ya ce "wasu mutane", mu kuma mu hau Facebook da WhatsApp mu saka sunan ƙabila ko na malami ko na maƙwabci, a yi ta zage-zage har zumunci ya lalace, shi yana can ko sunanka bai sani ba. Alhali addini ya riga ya yi mana gargaɗi, Allah ya ce a Suratul Hujurati in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, Annabi (SAW) kuma ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Ko ɗan takararka ne, ko kai ne sojan bakansa, in ya ce bincike ya nuna ka ce masa ranka ya daɗe wane bincike, wa ya yi shi, a ba mu mu karanta. In ya fara kame-kame ko yaransa suka ce ka yi rashin kunya, kada ka tura maganar gaba.