Ingila ce ta sanyaya mu ko dama can Allah ba shi ne na farko ba?

Akwai wata magana da muke yawan yi a tsakaninmu mu masu bin Yesu da ke zaune a nan Ingila, wai ƙasar nan tana kashe bangaskiya. Sai ka ji mutum yana cewa ai da ina gida da zafina cikin Ubangiji, tunda na zo nan na yi sanyi. Ni dai ban yarda laifin ƙasar ba ne. Abubuwan da suke tallafe da mu ne aka janye, kowa kuma ya ga ainihin inda ya ajiye Allah a rayuwarsa, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Ku tuna yadda abin yake a gida. In ba a gan ka a sujada ranar Lahadi ba, kafin yamma wani ya leƙo, "lafiya kuwa ɗan'uwa, yau ba mu gan ka ba?" Iyaye ba za su bari a kwanta ba a yi addu'a ba. Ga kuma matsin rayuwa, yaro ya kwanta ciwo da dare addu'a ce farko tun kafin a yi tunanin asibiti, za ka hau hanya sai ka roƙi tsari, neman aiki kuwa sai an haɗa da azumi. Ina kewar wannan zumuncin sosai, kuma Allah yana jin irin waɗannan addu'o'in. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa cikin wannan zafin idon jama'a ne da kuma rashin wata madogara.

A nan kuwa ba mai tambayarka. A ƙidayar 2021 kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59.3 ne, waɗanda suka ce ba su da addini kuma sun kai kashi 37.2. Tun 1994 doka ta ba manyan kantuna damar buɗewa awa shida ranar Lahadi, ranar ta zama ta sayayya da ƙwallo da barci. Ciwo ya taso ka kira lambar gaggawa ta 999, ƙarshen wata albashi ya shiga. Mutum zai iya yin wata guda cur bai ji wata buƙata da za ta durƙusar da shi ba, kuma maƙwabcinsa ma bai san ko yana da Littafi Mai Tsarki a ɗaki ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen shif, wato aikin karɓa-karɓa. Masu aikin kula da tsofaffi da na asibiti da na sito sun san abin da nake nufi. Saƙo ya shigo waya daga manaja, akwai gurbi ranar Lahadi da safe wa ke so, kafin ka gama karantawa mutum uku sun amsa, cikinsu har da mai jan waƙa a coci. Ban ce duk mai aiki ranar Lahadi ya yi zunubi ba fa. Marar lafiya ba ya jira Litinin, Yesu da kansa ya warkar a ranar Asabar, kuma na san nauyin haya da kuɗin sabunta biza da 'yan gida da ke jiran a turo. Abin da ke damuna shi ne ba ma ko tsayawa mu yi tambaya. Dole ce ta sa, ko dai ƙarin kuɗin ne ya ja hankali? Mun tsara aiki, mun tsara makarantar yara, mun tsara hutu, abin da ya rage in ya rage shi ne na Allah, galibi ma sujada ce ta intanet ana jin wa'azi da kunne ɗaya ana wanke-wanke.

Musa ya riga ya hango wannan. A Maimaitawar Shari'a sura 8 gargaɗin da ya yi wa Isra'ilawa a kan ƙoshi ne, lokacin da za su ci su ƙoshi su gina gidaje masu kyau dukiya ta ƙaru, sai zuciya ta kumbura su ce ƙarfin hannunmu ne ya samo mana. Matiyu 6:33 da kowa ya haddace, a fara neman mulkin Allah da adalcinsa, a tsakiyar zancen ci da sha da sutura Yesu ya faɗe ta, wato daidai abin da ya fito da yawancinmu daga gida. A aya ta 24 kuma ya ce ba a bauta wa iyayengiji biyu, Allah da dukiya.

Shi ya sa Daniyel yake birge ni. Baƙo ne a Babila, babu Haikali, babu mai sa masa ido, ga babban muƙami a fadar sarki Dariyus da aiki jibge a kansa. Duk da haka sau uku a rana yana durƙusawa, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, kuma sura 6 aya 10 ta ce kamar yadda ya saba. Ba ranar da aka kafa dokar jefa duk mai yin addu'a ga wanin sarki cikin ramin zakoki ya fara ba.

Mu kuma daina raina Kiristocin ƙasar nan muna cewa cocinsu ya mutu. Eh kujeru da yawa ba kowa, amma tsohuwar da ta dogara sanda cikin sanyin Janairu ta zo sujada, jikokinta ma ba sa zuwa, ba mai yabonta ba mai zaginta in ta zauna a gida, wa ya tilasta ta? Irinsu ne za ka tarar a tsakiyar mako suna raba kayan abinci ga marasa hali a zauren cocin, shiru ba ganga ba lasifika. Mu mun fi su murya da rawa, wannan kam ba gardama, amma ban ga alamar mun fi su ba Allah wuri na farko ba.

Ku kuma na gida ina da roƙo. In kun kira mu, bayan gaisuwa da maganar kuɗin makaranta da na gini, ku tambaye mu ko mun sami coci, ko muna addu'a da yaran da safe kafin a watse. Wani ƙarin shif ɗin na Lahadi saboda buƙatunku aka ɗauke shi, in kuka ce ɗana bar wannan zuwa wata mai zuwa ka je sujada, da yawanmu za su ji.